Sunan Jikan Barira

To, ku gyara zama, kowa ya mayar da wayarsa aljihu, don ni ba na ba ƙeyar mutum labari. Ga wata nan na kawo muku, ba ta gizo ba ce, ba ta ƙoƙi ba ce, ta zamanin nan naku ce. In na kai ƙarshe akwai shari'a, ku ne kuma alƙalai, saboda haka wanda ya yi gyangyaɗi a tsakiya kada ya farka ya cika mu da musu.

A hayin wani kogi akwai ƙauyen da ake kira Kwarin Ɗinya. A ƙauyen akwai ɗan asibiti mai ɗaki huɗu, ungozomar da ke riƙe da shi kuwa sunanta Barira, kowa Sista Barira yake ce mata. Shekararta ashirin da bakwai tana karɓar haihuwa, har ta kai rabin magidantan garin ba sa iya haɗa ido da ita, don ta san ranar da kowannensu ya faɗo duniya yana tsala ihu. Mace ce mai faɗa, mai kuma saurin hawaye. Takan zage mai ciki tas don ta yi lattin zuwa awo, sannan ta bi ta har gida da kwanon fate.

Asibitin nan ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar 'yan asalin yankin ce ta gina guda uku. Babban yana garin Tudun Kanya, a wancan gefen kogi, can ake tara bayanan marasa lafiya duka a cikin wata babbar kwamfuta. Na biyu yana Mararrabar Gawo, na uku shi ne na Barira. Likitan mata kuwa guda ɗaya ne tak, Likita Shu'aibu, yana zagaya su kwana bibbiyu. Kowane asibiti na da 'yan kwamfutocinsa da na'urorinsa suna magana da junansu a cikin gida, amma na wannan ba su san da zaman na wancan ba. In wani abu ya fi ƙarfin ma'aikaci sai ya ɗauki hoto da waya ya tura wa likita, kamar dai yadda kowa ke yi.

Ana nan sai wata ma'aikaciya da aka turo ta taya Barira aiki ta ɗauki hoton wata matar aure mai ciwo a wurin da ba a nunawa, ta tura wa likita. Da kyakkyawar niyya ta yi, Allah shi ne shaida. Bayan kwana biyu wayar ta lalace, ta kai wa mai gyara a kasuwa. Kafin wata kasuwar ta zagayo hoton ya shiga wayar duk wani mara kunya da ke yankin. Matar nan ta tattara kayanta ta bar garin, har yau ba ta waiwayo ba.

Daga ranar matan Kwarin Ɗinya suka ɗauke ƙafa daga asibiti. Barira ta bi su gida-gida tana cewa ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, suka ce mata, "Gaskiya ne Sista, amma a banɗaki ake wankan, ba a tsakiyar kasuwa ba." A wannan shekarar mata biyu suka rasu wajen haihuwa a cikin ɗakunansu, asibiti na nan taku ɗari daga ƙofarsu. Abin ya ci Barira ƙwarai, har ta fara tunanin ajiye aikin.

To, a nan na farko cikin mutane ukun da za ku yi wa shari'a ya shigo. Sunansa Injiniya Sirajo, shi ke kula da na'urorin ƙungiyar. Siririn mutum ne mai shiru-shiru, amma in ya kafe a kan abu ko jaki ya sara masa. Ya je gaban kwamiti ya ce musu intanet kasuwa ce, duk wanda ya ratsa ta da kaya a buɗe an gani, amma ana iya gina rufaffiyar hanya a cikinta. Dattawa ba su gane ba. Sai ya ce, "Kun ga gidajen 'yan'uwa biyu da suke jere, a huda katanga a sa ƙofa, mata su riƙa shige da fice ba tare da sun taka titi ba? To haka zan yi wa asibitocin nan uku, sai dai tamu katangar kaurinta ya kai kilomita arba'in."

Yadda abin yake shi ne, kowane asibiti a sa masa ɗan akwati a bakin hanyarsa ta intanet. Duk saƙon da zai fita, akwatin zai ƙulle shi yadda ba mai iya karantawa sai akwatin ɗaya ɓangaren, wanda ke riƙe da mabuɗin da ya dace. Da haka na'urar da ke Kwarin Ɗinya za ta zama tamkar a ɗaki na gaba take ga wanda ke zaune a Tudun Kanya. 'Yan boko suna da wasu haruffa uku da suke kiran abin da su, ni ban riƙe ba, ba na kuma neman a tuna mini. Dattawan kwamiti suka ce wannan neman wahala ne, ga waya a hannun kowa. Sirajo ya dawo zama na biyu, ya dawo na uku, har suka gaji suka ce ya je ya yi.

Mako bakwai ya yi yana aikin. Ya hau rufi ya kafa faranti mai kamo intanet, ya ja wayoyi, rana ta gasa shi har ya koma kamar ƙuli. Ya tarar asibitocin uku duk lambobi iri ɗaya aka raba wa na'urorinsu, yadda saƙo zai tashi ya rasa gidan da zai shiga, ya zauna ya sake musu lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa doka cewa mabuɗi ba a tura shi ta waya, ko da uban wa ya nema, hannu da hannu ake kai shi. Ya kuma tanadar wa kowane asibiti akwati na biyu da mabuɗinsa a ciki, ya kulle a ofishinsa da ke Tudun Kanya saboda ɓacin rana. Da ya gama bai tafi ba. Ya sa aka tara mata a tsakar asibiti, ya nuna musu a allon kwamfuta abin da mai leƙe zai gani in ya tare saƙo a hanya. Suka duba, ba komai sai wani rubutu kamar sawun kaji. Sannu a hankali mata suka dawo awo. Mutanen gari suka sa wa abin suna ramin Sirajo, shi kuma suka koma kiransa Gafiya, yana amsawa.

Barira na da 'yar auta, Sahura, tana aure a Tudun Kanya wurin wani malamin makaranta mai suna Dayyabu. Sahura ƙawar matar nan ce da ta bar gari, saboda haka da ta sami ciki ta rantse ba na'urar da za ta taɓa jikinta. Sai da uwar ta zaunar da ita ta yi mata bayanin ramin kafin ta yarda ta fara zuwa awo a babban asibiti, aka riƙa ajiye bayananta a can. Da ciki ya tsufa, kasancewar na fari ne, aka maido ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba.

Sai marka ta sauka, aka kwana biyu ruwa bai ɗauke ba. Ranar Litinin da sassafe tsawa ta faɗa a kan turken wayoyin da ke jikin asibitin Barira, akwatin Sirajo ya ƙone ƙurmus, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya zo cewa kogi ya cinye gada. Abokiyar aikin Barira kuwa tun Asabar ta haye gari, ba halin dawowa. Kuma a wannan safiyar ce, ba jiya ba, ba gobe ba, naƙuda ta kama Sahura, saura mako uku lokacinta ya yi.

Barira ta ɗora hannu a kan cikin 'yarta ta lalluba. Kan ɗa ba ya ƙasa, a gicciye yake kwance. Ta san ma'anar wannan sarai. In faya ta fashe ɗa na gicciye, hannu ne zai fara fitowa, daga nan sai tiyata, tiyata kuwa tana hayi. Ta aika wa masu fito, suka je suka dubi kogi suka dawo suka ce ba za su ɗauki mai naƙuda a kwale-kwale su kai ta ga halaka ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Dabara ɗaya ta rage, a juya ɗan da hannu daga waje tun faya ba ta fashe ba. Barira ta taɓa yi, amma likita na tsaye a kanta. Ta ɗora na'urar hoton ciki, ta gane kai ta gane ƙafa, amma inda mabiyiya take da yadda cibiya ta bi, wannan ya fi ƙarfin idonta. Juya ɗa ba tare da sanin waɗannan ba kuwa ganganci ne da rai biyu.

Sabis ɗin waya a Kwarin Ɗinya sai an hau tudun makaranta ake samunsa, shi ma murya kawai, hoto ba ya tafiya. Barira ta tattare zani ta hau cikin ruwan sama. Sau uku kiran na yankewa, a na huɗu ta samu Sirajo ta ce, "Akwati ya ƙone, gada ta tafi, ɗa a gicciye." Iyakar abin da ya shiga ke nan layin ya ɗauke. Ta sauko tana kuka tana zamewa a taɓo, ba ta ma san ko ya ji ba.

Ashe ya ji. Ya buɗe ofis ya ɗauko akwati na biyu, ya kira Likita Shu'aibu wanda ranar yake Mararrabar Gawo ya gaya masa halin da ake ciki. Daga nan sai ya tsaya da akwati a hannu yana zare ido, don shi Sirajo ko a kwatami bai iya iyo ba. Likita kuwa ya ba sittin baya, ga ciwon gwiwa, ga shi tasa hanyar ma ruwa ya datse ta.

A nan na biyunsu ya shigo. Sunansa Ukasha, ma'aikaci ne a ƙarƙashin Sirajo, shi ke jan wayoyi da hawan turaku. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ɗan gidan masunta gaba da baya. Danginsa sun daɗe suna yi masa tsiya wai ya sayar da koma ya sayi sukundireba. Da ya ji zancen sai ya karɓi akwatin ya naɗe shi da leda uku. Ya biya gidan mahaifinsa ya sauko da ƙaton goran da tsohon ke hawa wajen kamun kifi, ya jefa akwatin ta bakinsa ya toshe da tsumma da leda. Matarsa ta biyo shi har ƙofa tana cewa ya tuna 'ya'yansa. Ya ce mata, "Na tuna su. Sista Barira ce ta karɓi uku daga cikinsu."

Bai shiga ruwa a mashigin gada ba, don ya san halin kogi. Ya yi tafiyar kilomita biyu sama, ya tuɓe riga, ya ajiye waya da takalmi a gindin wata bishiya, ya yi bisimilla ya kwanta a kan gora. Ruwan ja ne wur, yana tafe da itatuwa da shingayen mutane da matattun awaki. A tsakiya wani fallen kwano da ruwa ya kwaso daga rufin wani ya zo ya yanke shi a sha-raɓa, zafin ya sa ya saki goran. Gaɓa na kusa a lokacin, da ya so da ya kama saiwa ya tsira da ransa. Sai ya juya wa gaɓa baya ya bi gora, ya sha ruwa har ya gode Allah kafin ya cafke shi. Can ƙasa da ƙauyen kogin ya tofar da shi. Ya ɗaure ƙafa da tsumman bakin gora, ya ɗauki akwati a ka, ya ratso gonakin gero ba takalmi har tsawon awa guda.

Ana kiran azahar ya shigo asibiti yana ɗingishi, jini na bin sawunsa. Barira ta gan shi ta dafe ƙirji, ta juya za ta ɗauko allura da zare. Ya ce, "Sista, ƙafa za ta jira. Ina wurin akwati?" Ya cire ƙonannen, ya jona sabon, ya kunna. Fitilar da ya kamata ta zama kore ta tsaya ja. Ya kashe ya sake kunnawa, ja. Daga ɗaki na gaba ana jiyo nishin Sahura yana ƙara matsowa kusa da kusa.

Ku ji abin da ya faru. Akwatin nan wata takwas ya yi a kulle ba wuta, agogon cikinsa ya mance rana, ya farka yana zaton ana wata shekara tun kafin a haifi Ukasha. Shi kuwa mabuɗi an rubuta masa ranar da zai fara aiki. Akwatin ya dubi agogonsa ya dubi mabuɗi, ya ce lokacin wannan bai yi ba tukuna, ya ƙi buɗe hanya. Na'ura ba ta san alfarma ba, ba ta san ana naƙuda ba. Sirajo da ya hango komai, wannan ɗaya ta shige masa, ga Ukasha ba waya balle ya tambaya.

Ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen wando, ya jona kwamfutar asibiti da akwatin, ya bi abin da ke ciki layi-layi yana rawar ɗari. Da idonsa ya kai kan kwanan wata sai ya bushe da dariya, har Barira ta zaci ruwa ya taɓa masa kai. Ya ce, "Sista, yau nawa ga wata?" Ita kuma da hankalinta ya riga ya tashi ta ce, "Litinin, gobe kasuwa." Ya ce, "Na boko nake so, da shekara, da ƙarfe nawa." Ta ruga ta duba littafin awo da agogon bango ta faɗa masa. Ya rubuta. Fitilar ta ƙifta sau biyu ta koma kore. Ukasha ya ja ƙafarsa ya fita baranda, ya zauna ya ba ƙofa baya.

Na ukunsu kuwa, Likita Shu'aibu, tun safe yake zaune gaban kwamfuta a Mararrabar Gawo. Ya duba waɗanda ba za su iya jira ba, sauran ya ba su haƙuri, abincin da aka kawo masa ya huce a gefe. Da hanya ta buɗe, ta rami ɗaya ya shiga Tudun Kanya ya ɗauko bayanan awon Sahura, ta ɗaya ramin ya shiga Kwarin Ɗinya ya kama na'urar hoton ciki kamar a gabansa take. Abin da ya fara gani a bayanan shi ne an rubuta cewa wani magani da aka saba bayarwa don sassauta mahaifa yana kayar wa Sahura da jini. Ya tambayi Barira ko ta ba ta wani abu. Ta dubi hannunta, ƙwayar ce a tafinta da kofin ruwa a gefe, ta gaya masa. Ya ce ta mayar da ita kwalba.

Ya sa aka kira tsohuwar da ke sharar asibitin ta riƙe kan na'urar a kan cikin, don hannuwan Barira biyu za a bukata. Fuskar kowa bai gani ba, hoton cikin kawai yake kallo yana jin murya. Ya auna, ya gano mabiyiya tana baya ba ta tare hanya ba, ya ga cibiya ta bi ta kusa da wuya amma ba ta naɗe ba. Ya kuma ji muryar Barira na rawa. Sai ya ce mata, "Sista, wadda ke kan gadon nan ba 'yarki ba ce yanzu, mai naƙuda ce irin dubun da kika karɓa. In mun gama sai ki karɓi 'yarki." Barira ta share fuska da gefen ɗankwali, ta matso bakin gado.

Suka jira ciwo ya lafa, ya ce ta sa hannu ɗaya a kai ɗaya a ɗuwawu, ta tura a hankali. Ɗan ya motsa ya koma inda yake. Suka jira wani ciwon ya zo ya wuce, suka sake. Wannan karon ya tafi har rabin hanya, Barira na jin kan na bin tafinta. Sai likita ya ce, "Ɗaga hannunki." Ta ce, "Likita, saura kaɗan." Ya ce, "Na ce ki ɗaga." Shi ya ga abin da ba ta gani ba, bugun zuciyar ɗan ya yi ƙasa, cibiya ta ɗame. Da ta ƙara turawa sau ɗaya da ta juya gawa. Ya sa aka kwantar da Sahura ta gefen hagu, suka jira, ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano da salatin tsohuwa. A hankali bugun ya dawo.

Wani likitan a nan zai ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, a jira ikon Allah, kuma ba mai zarginsa. Shu'aibu ya sake duban hoton ya daɗe, sannan ya ce a juya ɗan ta ɗaya hannun, hanya mai nisa, wadda za ta sassauta cibiyar maimakon ta ja ta. Ya riƙa ƙirga mata, tana turawa yatsa-yatsa, yana cewa tsaya, yana cewa ci gaba. Can sai kai ya sulale ya sauka ƙasa. Ya ce ta riƙe shi a nan kada ta saki, ta riƙe har ciwo uku suka zo suka kafa shi, hannuwanta sun ƙage ba ta sani ba. Bayan la'asar faya ta fashe. Rana ba ta faɗi ba ɗa namiji ya fito yana tsala ihun da aka ji har baranda.

Barira ta yanke cibiya, ta gyara 'yarta, ta naɗe jariri. Daga nan ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana hamdala, tana sa wa likita albarka da sunan uwarsa da ubansa. Sai da ta yi mai isarta sannan ta tuna akwai mutum a baranda. Ta fito ta yi wa Ukasha ɗinki goma sha ɗaya, tana ɗinki tana yi masa faɗa a kan wautar shiga ruwa, hawayenta na ɗiga a ƙafarsa.

A kwana na huɗu ruwa ya ja baya, masu fito suka fara aiki. Dayyabu ya hayo da kawunsa, ya durƙusa daga bakin zaure kansa a ƙasa, don suruki ba ya doguwar magana da surukuwa. Kawun ne ya yi bayani. Ya ce tun cikin na wata biyu Dayyabu ya ƙudura sunan mahaifinsa marigayi zai mayar, amma yanzu ya janye. Ba a yi wa yaro huɗuba ba, ba kuma za a yi ba sai da sunan ɗaya daga cikin mutanen da Allah ya ceci matarsa da ɗansa ta hannunsu. Zaɓin kuwa ya bar wa Inna, tunda a gabanta aka yi komai. Barira ta ji daɗi har ranta, ta ce ta karɓa. Sai da suka tafi ta gane nauyin da ta ɗauka.

Ta ce bari ta ji ta bakin su kansu. Sirajo ya ce, "Haba Sista, ni da na mance da agogo? Ba don Ukasha ba da aikina ya tashi a banza, ki ba shi." Ukasha ya ce, "Ni ɗan aike ne, kaya na kawo. Ko na haye kogi goma ban san inda cibiya take ba, ki ba likita." Likita ya ce, "Ni a kan kujera nake, ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Ba don ramin nan ba ai ni makaho ne kuma kurma, ki ba Sirajo." Barira ta ce wato duk kun haɗa baki ku haukata ni.

Ta zauna ta auna da kanta. In ta tuna Sirajo sai ta ga ba don taurin kansa ba da Sahura ba ta je awo ba, da ba bayanan da za su hana ƙwayar nan, da ba akwati na biyu, da ba hanyar da likita zai bi. Shi ya yi nasa tun ba wanda ya san ranar za ta zo, ana yi masa dariya. In ta tuna Ukasha sai ta ga a cikinsu shi kaɗai ya ajiye ransa a faifai, ya ga gaɓa ya juya mata baya, ya kuma gyara kuskuren maigidansa yana zubar da jini. In ta tuna likita sai ta ji muryar nan tana cewa ɗaga hannunki, tsigar jikinta ta tashi, don ta san da hannunta ta kusa kashe jikanta, shi ya tsayar da ita.

Matan gida suka ce to a jera wa yaro sunayen uku mana a huta. Barira ta ce jikanta ba motar haya ba ne da za a cika shi da fasinja, takwara ɗaya ake yi wa mutum ya san an girmama shi. Wasu suka ce a mayar da sunan kakan, su ukun a kai musu goro da cinyar rago. Ta ce Dayyabu ya riga ya yi magana, ita ma ta karɓa, kuma wanda ya ba ka rai biyu ba a sallamarsa da cinya.

To, kwana shida ke nan cur. Rago na ɗaure a turke, an jiƙa gero, wanzami ya wasa aska, liman ya aiko sau biyu yana tambayar sunan da zai raɗa gobe da safe. Sahura na zaune lafiya lau tana shan kunun kanwa. Barira kuwa na bakin gado da jariri a cinya, tana kallon fuskarsa tana murmushi, bakinta cike da godiya amma ba suna a cikinsa.

Ni dai a nan na tsaya, saura naku. Tsakanin Sirajo da ya haƙa rami, da Ukasha da ya haye kogi, da Likita Shu'aibu da ya juya ɗa daga nesa, to, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a yi masa takwara?